Bidon Fa'iza a Igiyar Tsintuwa

Ni A'i, duk garinmu an san ba ni da haƙuri, ban kuma taɓa cewa ina da shi ba. Amma abin da anka yi mini a lakkwal, makarantar bokon garinmu, kan bidon ruwa guda, ko mai sanyin hali anka yi wa, sai ya yi ashar.

Garinmu na gefen Tama, bakin fadamar da muke noman albasa da rani. Lakkwal na kan hanyar garka, wato lambunmu, ba yadda za ka yi ka kauce mata. A filinta akwai itatuwan dogon yaro biyu, an ɗaura igiya tsakaninsu, ita yara ke kira igiyar tsintuwa. Duk abin da anka tsinta, nan ake rataye shi ranar Juma'a da safe: takalmi ƙafa ɗaya, hijabi, hula, kwanon fura, wani lokaci har wandon wani mara kunya. Da can kwali ne a bakin biron darakta, wato ofishin shugaban lakkwal, kowa ya zo ya tona ya ɗauki abin da ya yi masa. Sai wasu mata biyu sunka yi dambe kan takalmin roba, magana ta kai gaban maigari. Shi ne sabon darakta, Mushe Abdurrazak, mutumin Madawa (Mushe muke ce wa malamin boko), ya tara iyaye ya kafa doka. Ba a sauke abu daga igiya sai yaron da ke da shi ya zo, ko uwar da ta haife shi, ko ubansa. Mai nema ya tsaya gaban tuta ya faɗi sunan yaron kowa na ji, ya kuma faɗi alamar da ke jikin abin. Wanda ba a nema ba har ranar bakans, da za a tashi babban hutu, a raba wa yara. Ranar da ya faɗi haka har tafi anka yi masa.

Fa'iza ɗiyata ce. Duk wanda ya ce ba haka ba, ya zo ya faɗa a gabana. Ƙanwata Binta ta haife ta, amma ɗiyar fari ce, kuma a gidanmu ɗan fari ba ya tashi hannun uwarsa. Ana yaye ta anka kawo mini ita, ni da Allah bai ba haihuwa ba. Binta ta miƙo ta da 'yan rigunanta ƙulle a tsumma. Na kwance, na duba, na ce, "Ina majanyin?"

Majanyin tsohuwarmu nake nufi, saƙi baƙi da fari mai jan baki. Da shi ta ɗaure ni a bayanta, da shi ta ɗaure Binta, da shi Binta ta goya yarinyar.

"Ya ɓace, Yaya," in ji ta.

Na zage ta tas. Na ce wadda ta ɓatar da majanyin uwarta, gara da anka karɓe ɗiyar tun ba ta ɓatar da ita ba. Ta sunkuyar da kai ta tafi.

Haka take, Binta. Kunyar ɗan fari kowace mace na yi, ba a kama sunansa, ba a wasa da shi gaban mutane. Amma tata ta yi yawa. Yarinyar nan ta tashi, ta yi wayo, ta shiga lakkwal, har ta kai ajin ƙarshe, ban taɓa jin sunanta a bakin Binta ba. "Ɗiyar Yaya." "Waccan." In tana son ta aike ta sai ta ce, "Yaya, kira mini ita," ni in ɗaga murya in kira. Yarinyar kuma Tanti take ce mata, ni ce Inna.

Da bazarar bana sanƙarau ya shigo mana. Fa'iza ta kifa kai a tebur cikin aji tana cewa wuyanta, wuyanta, anka kawo ta gida a amalanke. Munka nufi likita da ita, ba ta dawo da ƙafarta ba. Ubanta Surajo na Abijan wurin biɗa, a waya ya ji. Ni ban san inda kaina yake ba a kwanakin nan. Kafin in dawo hayyacina, Binta ta shiga ɗakina ta kwashe kayan yarinyar, riguna, zannuwa, takalma, har 'yan kunnen roba, ta bayar sadaka. Haka ake yi, na sani, ba sai an gaya mini ba. Amma ko ɗankwali ɗaya ba ta bar mini ba. Kuma ina kallonta wurin zaman makoki tana zagayawa da ƙwaryar ruwa, idonta a bushe, ana yi mata gaisuwa tana cewa, "Ku yi wa Yaya."

Wata Juma'a, fitata ta farko zuwa garka tun rasuwar, na ɗaga kai wajen lakkwal, sai ga shi a igiya tsakanin wata hula da takalmi. Bidonta. Ƙaramin bidon mai ne, 'yar jarkar roba, an naɗe shi da buhu an ɗinke, irin wanda ake jiƙawa ruwan ciki ya yi sanyi. Ranar da ta fara shigowa da shi gida na tambaye ta wa ya ɗinka mata, ta yi dariya ta ce, "Inna, ke dai sha ki ji sanyi." Na ɗauka a lakkwal anka koya musu. Kullum da safe ni ke cika shi daga randa, in jiƙa buhun, in rataya mata a kafaɗa. Ranar da anka ɗauko ta a amalanke ba wanda ya tuna da shi.

Na dire kwandona, na shiga filin, na kai hannu.

"Inna A'i, tsaya!" Darakta ne ya fito daga biro da alli a hannu.

"Kar ka ce mini Inna. Mai ce mini Inna tana ƙasa. Wanga bidonta ne, ɗauka zan yi."

Ya yi mini gaisuwa, ya ce ya san zafin da nake ji. Ƙarya yake, bai sani ba. Sannan ya ce akwai matsala. Fatsima matar Isiyaku mai faci ta riga ni, ta ce na ɗanta Shamsu ne, shi ma nasa ya ɓata.

"Fatsima? Wadda ta yi dambe kan takalmin roba?"

"Ita."

"Kuma ka tsaya ka saurare ta?"

Ya aika anka kira ta. Ta taho tana taunar goro tana gyara ɗaurin zane, ko sannu da haƙuri ba ta ce mini ba. Ya ce kowa ta faɗi alama. Na ce murfinsa shuɗi ne. Ta ce shuɗi ne. Na ce maratayinsa igiyar kaba ce. Ta ce igiyar kaba ce. To, ba ga shi nan yana lilo a gaban idonta ba? In na ce yana da ƙaho ma sai ta duba kafin ta amsa.

Darakta ya sauko da bidon ya matsa shi da yatsu. "Buhun nan ya yi kauri. Akwai wani abu ƙarƙashinsa. Mi ke ciki?"

Fatsima ta ce tsumma. Ya ce wane iri? Ta ce tsumma dai, tsumma. Ya juyo wurina. Na ce babu komai, buhu ne riɓi biyu. Ya sa farce ya ɗaga bakin ɗinkin, ya leƙa shi kaɗai, ya mayar.

"Ku duka ba ku faɗa ba," ya ce, ya maida shi igiya. "Kuma ko kin faɗa, doka cewa ta yi uwar da ta haifa ko uba. Ki zo da Binta kafin ranar bakans."

Kai! Jama'a, ku ji mini. Ni da na wanke kashinta, ni da na goya ta zuwa garka da dawowa, ni da na yi jinyar ƙyandarta har na rame, ni da na rufe mata ido da wanga hannu, yau wani yaro mai alli ke gaya mini ba ni ce uwarta ba. Na ce masa Binta ba za ta kama sunan ɗiyar fari gaban tuta ba ko yanka ta za a yi, kuma shi ma ya sani, ba daga ƙasar Nasara ya zo ba. Ya ce ya sani, tasa uwar ma ba ta kiran sunan yayansa. Amma in ya karya doka yau domina, gobe Fatsima za ta cika masa biro da danginta, kowa da labarinsa mai ban tausayi. Na gaya masa abin da zai yi da dokarsa. Ba zan maimaita ba, yara sun ji ta taga a ranar, ya isa.

Daga nan gidan Binta na zarce, kwandon ma a lakkwal na manta shi. Na tarar tana surfe a tsakar gida. Na zayyana mata komai ina huci, ko taɓarya ba ta ajiye ba.

"Yaya, bido ne fa. Ki bar musu."

"Bido ne? Shi kaɗai ya rage a duniyar nan da bakinta ya taɓa! Sauran ke kinka rabar!"

"Sadaka ce, za ta iske ta can."

"Ni mi zai iske ni nan? Tashi mu je. Suna kawai za ki faɗa, su ba ni abina."

"Gaban mutane? Yaya, ki rufa mini asiri."

Nan na fashe. Na ce wane asiri, yarinya na kabari kina ta kunya, kunyar wa? Na ce tana da rai ba ki taɓa kiranta ba, ba ki taɓa shafa kanta ba, ta mutu ko hawaye ɗaya ba ki zubar ba, akuya ma in an yanka ɗanta yini take tana kuka. Na ce ke ba haihuwarta kinka yi ba, sauke ta kinka yi kamar kayan kai, kinka kama gabanki. Maƙwabta sunka fara leƙowa ta darni. Taɓaryar ta ɗan tsaya a sama, sannan ta ci gaba da sauka.

"Allah ya ba ki haƙuri, Yaya," ta ce.

Na ce ta riƙe addu'arta. Na fita na bar ta da turminta, na rantse ba zan ƙara taka gidan ba.

Ba inda ban je ba. Maigari ya ce yana wurin da anka kafa dokar, da bakinsa ya ce madalla, ba zai koma ya ce a sake ba. Na sa anka kira mini Surajo a waya, ya yi ta ba ni haƙuri daga Abijan, ya ƙare da cewa zai sa a sayo mini sabon bido a kasuwar Madawa. Sabo! In yi mi da sabo? Na miƙa wa mai wayar abinsa tun Surajo na magana.

Duk Juma'a sai in wuce in ga bidon yana lilo, rana na cin buhun. Kwandona ma sun rataye shi a igiyar, don wulaƙanci. Rannan na tsaya daga bakin hanya na ɗaga murya na ce, "Mushe, in ba za ka ba ni ba, ka fidda shi daga rana!" Ya zo ya matsar da shi gefen da inuwa take. Wannan ma haushi ya ba ni. Da ya yi mini rashin kunya da na fi jin daɗi.

Ranar bakans da hantsi anka shimfiɗa tabarmi gindin dogon yaro. Hadari ya fara haɗuwa a gabas, maza na ta maganar shuka. Yara sun yi layi aji-aji, iyaye mata na gefe guda. Ni na je da niyyata. Duk wanda anka miƙa wa bidon nan, fizgewa zan yi, in sun so su kira mini jandarma daga Buza.

Anka fara rabo. Hula, hijabi, kwanoni. Darakta ya ɗaga kwandona ya kalle ni, na kau da kai, anka ba wata yarinya. Su je da shi. Sai ya sauko da bidon.

"Wanga mutum biyu sunka nema, ba wadda ta kawo alama. Tunda haka ne za mu ba yaron da ba shi da na shan ruwa. Shamsu Isiyaku, fito."

Fatsima ta gyara zama tana murmushi. Na miƙe na tamke zanena.

"Mushe, dakata."

Muryar ba ta da ƙarfi, amma kowa ya ji. Binta ce tsaye a bayan mata, lulluɓe da mayafi, hannunta duk dusa. Ta ratso tabarmi har gaban tuta, idonta a ƙasa.

"Na ɗiyar Yaya ne," ta ce.

"Alama fa?" in ji darakta.

"Ka farke buhun. Akwai saƙi a ciki, baƙi da fari, mai jan baki. Gefe ɗaya wuta ta taɓa cin sa, an yi masa faci da baƙin zare."

Ya karɓi reza wurin wani malami ya bi ɗinkin a hankali. Buhun ya buɗe. Tun daga inda nake tsaye na hango jan bakin. Majanyin tsohuwarmu ne, an naɗe bidon da shi tsaf, ga facin nan da baƙin zare.

Ashe bai ɓace ba. Ashe duk shekarun nan yana wurinta, ta ba ni ɗiyar ta riƙe shi, ina zaginta tana sunkuyar da kai. Ita ta zauna ta naɗe bidon don yarinyar ta sha ruwa mai sanyi, ta rufe da buhu kar wani ya gani ya ce ba ta da kunya. Ja'irar yarinyar kuma ta sani, ta yi mini dariya ta rufe bakinta. Kullum da safe hannuna na kan abin nan ina jiƙa shi, ban sani ba.

Darakta ya miƙa wa Binta bidon da hannu biyu. Bai tambayi suna ba, ya yi kamar ya manta. Amma Fatsima ba ta manta ba.

"To dokar fa, Mushe? An ce sai an faɗi suna gaban tuta. Ko mu kaɗai anka yi wa dokar?"

Na buɗe baki zan kwarma sunan, kamar yadda na saba kira mata, in ga ɗan da zai hana ni. Binta ta damƙe wuyan hannuna. Hannunta sanyi ƙalau.

"Bari, Yaya."

Ta ɗaga kai. Ba darakta ta kalla ba, ƙofar ajin yarinyar ta kalla. Leɓenta ya motsa, ba abin da ya fito. Tsofaffin mata sunka fara salati, wata ta ja mayafi ta rufe fuska. Sai ta ja numfashi. Ba faɗin sunan ta yi ba, kira ta yi, da jan murya, yadda ake kiran yaro in an sauke tuwo.

"Fa'iza!"

'Yan ajinsu duk sunka waiwaya wajen ƙofar. Wallahi har ni na waiwaya.

Fatsima ta jawo ɗanta ta zaunar da shi kusa da ita. Darakta ya juya baya yana goge allin hannunsa a riga.

Binta ta juyo ta ɗora mini bidon a hannu, da buhunsa da majanyin duka.

"Ga kayan ɗiyarki, Yaya," ta ce, ta juya za ta tafi.

Raina ya sake ɓaci, fiye da na ranar da na zagi darakta. Na ce, "Don Allah ku dube ta! Za ki sake ba ni ki tafi hannu wofi? Sau nawa za ki yi mini haka?" Na warware majanyin daga jikin bidon, na cafko ta, na ɗaura mata shi a ƙugu bisa zane, na tamke sosai, gaban darakta da tuta da kowa da kowa.

"Yaya, mutane na kallo."

"Su kalla, har idonsu ya tsiyaye."

Nan ta durƙushe a ƙasa, ta kama majanyin da hannu biyu. Kukan da ta yi ban taɓa jin irinsa ba, ko a gidan mutuwa. Na tsaya a kanta na ce duk matar da ta ce mata ta yi shiru, ni da ita ne. Ba wadda ta ce.

Na gaya mata ban yafe ba tukuna. Ta bar ni na faɗa mata maganar akuya gaban maƙwabta, alhali kalma ɗaya za ta yi ta rufe mini baki. Ta ce to, Yaya.

Bidon na ɗakina yanzu, roba zalla, ruwa ba ya sanyi a cikinsa. Duk da haka da safe ina cika shi in rataye a ƙusa. Binta kan biyo in ta dawo daga rijiya, ta sauke shi ta sha da ɗuminsa, ni kuma in yi ta yi mata faɗa don ta bar murfin a buɗe.